Kafin Ka Tambayi Dalilin Gina Dala, Nemi Jujin Maginanta

Duk wanda ya tsaya a gindin babbar dalar Giza ta Masar, ya ga jerin duwatsun ƙasa sun kai masa ƙirji, ya ɗaga kai har wuya ya ƙage, tambaya ɗaya ce ke fara zuwar masa: me ya sa mutane suka ɗora wa kansu wannan wahala? Haka abin yake a Stonehenge, da'irar manyan duwatsun da aka kafa a Ingila, haka yake a kufan Babbar Zimbabwe. Tambayar ba ta da aibi, masu saurin amsa ta ne matsala. Ɗan jagora yana da amsa a aljihu tun kafin baƙo ya buɗe baki. Allon bakin ƙofa yana da tasa a layi uku. Mai bidiyo a intanet kuwa tasa ta fi ta kowa armashi, don cikinta akwai aljanu da baƙi daga wata duniya.

A ganina hukumomin da ke kula da irin waɗannan wurare suna tauye haƙƙin baƙo idan suka nuna masa ginin kaɗai, suka haɗa shi da labari, suka sallame shi. Abin da ke ba da amsa yawanci yana can nesa da inda ake ɗaukar hoto: ramin da aka fasa dutse, unguwar ma'aikata, da jujin da suka zubar da ƙasusuwa da tsingaro. Can ya kamata a fara kai mutum.

A fara da lissafi, don shi ke korar ƙanzon kurege. Dalar sarki Khufu, wato babbar dalar Giza, an gina ta kusan shekara 4,500 da suka wuce. Tsayinta na asali ya haura mita 146, kowane gefe mita 230, kuma ana ƙiyasta duwatsunta sun kai miliyan 2.3, matsakaicin nauyin kowanne tan biyu da rabi. In aikin ya ci shekara 20, ana bukatar dutse 115,000 a shekara, wato kamar 315 a rana. A yinin aiki na awa goma, dutse ɗaya ke nan duk minti biyu. Wannan adadi shi masu labarin aljanu ke kafa hujja da shi, alhali bai nuna komai ba sai cewa ba ƙungiya ɗaya ke jan dutse ba. In ƙungiya talatin na aiki a lokaci guda, kowacce dutse ɗaya ya hau kanta a awa. Sannan mafi yawan duwatsun ba daga nesa suka zo ba, daga ramin da ke kudu da dalar aka yanko su, 'yan ɗaruruwan mita kawai. Wanda ya zaga ta arewacin dalar sarki Khafre, wadda ke maƙwabtaka da ita, zai ga sauran aikin da idonsa: fili ne na dutse da aka tsaga gida-gida, an haƙa lambatu tsakanin kowane dutse da ɗan'uwansa, faɗin da mutum zai tsuguna a ciki da kurfin jan ƙarfe, kafin a ɓamɓaro shi daga ƙasa. Motocin masu yawon buɗe ido na wucewa ta kusa da wurin, ba kasafai suke tsayawa ba.

Shekaru aru-aru maganar Hirodotus, marubucin tarihi ɗan Girka, aka riƙe, cewa mutum 100,000 ne suka yi aikin. Sai dai shi ma baƙo ne da ya zo Masar bayan gina dalar da kusan shekara 2,000, ya rubuta abin da 'yan jagoran zamaninsa suka faɗa masa. Abin da ya sauya magana ba a jikin dala aka same shi ba. A 1990 aka gano maƙabartar ma'aikata a kudu da Giza, kuma haƙar da Mark Lehner ya jagoranta a wurin da ake kira Heit el-Ghurab, wato Katangar Hankaka, ta tono gari guda: dogayen ɗakunan kwana, rumbuna, gidajen gasa burodi da tulin kaskon gashi masu siffar ƙararrawa, da ƙasusuwan shanu da tumaki da awaki masu ɗimbin yawa. A ƙasusuwan mutanen an ga karayar da aka ɗora ta warke, an ga gadon bayan da kaya ya cinye. Daga girman garin da lissafin aikin, ƙiyasin masana ya sauko zuwa tsakanin 20,000 da 30,000, wasu na dindindin masu sana'a, wasu na karɓa-karɓa. Wannan bai mai da aikin na ganin dama ba. Aikin tilas ne da sarki ke ɗora wa talakawansa, amma akwai ci da sha, akwai magani, akwai kabari kusa da na sarki.

Sai kuma 2013, lokacin da tawagar Pierre Tallet ta tsinci takardun fafirus, wato takardar da Misirawan dā ke yi da wani tsiron bakin ruwa, a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, nesa ƙwarai da Giza. Ana zaton wuta a maƙera ta tashi a masaƙa. Cikinsu akwai littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda ke da mutum kusan 40 a ƙarƙashinsa. Rana bi rana ya rubuta: an yi lodi a wurin fasa dutse na Tura, an taso da jirgi cike da dutse, an kwana a wuri kaza, an isa Giza, an koma. Farin dutsen da aka lulluɓe dalar da shi ke nan, wanda yau kusan babu shi a jikinta domin an kwashe shi an yi gine-gine a Alƙahira. Ya ambaci Ankhhaf, ɗan'uwan sarki, a matsayin mai kula da aikin. Babu sihiri ko ɗaya a takardar, rajista ce irin ta kowane mai kula da lebura.

Wani zai ce duk wannan bayanin yadda aka yi ne, shi kuwa dalili ya tambaya. Haka ne, amma yadda aka yi shi ke rage yawan dalilan da za su iya tsayawa. Dalar Khufu ba daga sama ta faɗo ba, akwai jerin gwaji a bayanta, har da kurakurai. Ta sarki Djoser a Sakkara hawa shida ce, kamar an ɗora kaburbura masu shimfiɗaɗɗen rufi ɗaya kan ɗaya. Sneferu, mahaifin Khufu, ya gina uku. Wadda ta fi koyar da darasi ita ce Tanƙwararriyar Dala a Dahshur. An fara ta da tsayuwar digiri 54 a kan ƙasa mai laushi, an kuma jera duwatsun suna karkata ciki, abin da ya tura nauyi kan ɗakunan da ke tsakiya. Gini ya fara tsagewa, aka tokare ɗaki da gumagumai na itacen al'ul, sannan wajen rabin tsayi aka rage tsayuwar zuwa digiri 43, aka koma jera duwatsu a kwance. Ta gaba, Jar Dala, tun daga tushe da digiri 43 aka tashe ta. Mai ilmin da ya fi na ɗan'adam ba ya koyon gini da kuskure irin wannan.

Kuma dala ba ita kaɗai take tsaye ba. Akwai ɗakin ibada a bakin ruwa, doguwar hanya mai hawa daga nan zuwa wani ɗakin ibadar a gabashin dala, ƙananan dalolin matan sarki, layukan kaburburan dangi da fadawa, da ramukan jiragen ruwa. A 1954 aka buɗe ɗaya a gefen dalar Khufu aka tarar da jirgi a wargaje, gunduwa 1,224, da aka haɗa shi ya kai mita 43. Akwatin gawar da ke ɗakin sarki ya ɗan fi hanyar shiga faɗi, ke nan tun ana gini aka ajiye shi aka rufa a kansa. Masu musu suna cewa ai ba a sami gawa a ciki ba. Ba a samu ba, kamar yadda ba a samu a mafi yawan kaburburan manya na Masar ba, don ɓarayi sun riga kowa tun zamanin da. Rubutun addu'o'in da ke bayyana abin da Misirawa suka yi imani zai faru da sarki bayan mutuwa ya fara bayyana ne a dalar sarki Unas, kusan shekara 200 bayan Khufu, kuma allo mai gaskiya ya kamata ya faɗi wannan tazara, kada ya karanto rubutun Unas kamar a bangon Khufu aka gan shi. Duk da haka idan aka tara waɗannan, amsar ta fito: kabarin sarki ne, kuma cibiyar hidimar da aka ware wa gonaki da ma'aikata don ta ci gaba bayan ransa.

Masar ta yi sa'a, tana da rubutu. Inda babu rubutu aikin ya fi wuya, kuma nan ne shaci-faɗi ke samun wurin zama. Mataki na farko shi ne sanin shekaru, domin wanda bai san yaushe ba bai san su wa ba. Dutse ba ya auna kansa da gwajin kabon, sai an sami abin da ya taɓa rai: ƙashi, gawayi, iri, ƙaho. Sinadarin kabon-14 da ke jikin mai rai yana raguwa da rabi duk shekara 5,730 bayan mutuwa, da haka ake ƙirga lokacin. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen zaɓen abin da za a auna. Gwajin yana faɗin lokacin da itace ya daina girma ne, ba lokacin da aka ƙona shi ba. Da aka auna gawayin da ke cikin kwaɓin ginin dalolin Masar a 1984, sakamakon ya girmi lissafin tarihi da fiye da shekara 300, an sake a 1995 tazarar ta ragu zuwa tsakanin 100 da 200, kuma bayanin da ya fi ƙarfi shi ne magina sun riƙa ƙona tsofaffin itatuwa. Shi ya sa a Stonehenge aka fi dogara da ƙahonin barewa da aka yi haƙa da su. Barewar tana zubar da ƙaho duk shekara, ƙahon ba ya jure dogon aiki, kuma an tsince shi a ƙasan ramin kafin ƙasa ta rufta. Shekarunsa su ne shekarun ramin, kusan 3000 kafin haihuwar Annabi Isa.

Da aka bi wannan hanya sai ya bayyana cewa tambayar "me ya sa aka gina Stonehenge" tana ɗauke da kuskure a cikinta, don ba sau ɗaya aka gina ta ba. Farko rami ne zagayayye da tudun ƙasa, da ramuka 56 a ciki, kuma an daɗe ana binne tokar gawarwaki a wurin. Manyan duwatsun da kowa ya sani sun zo ne bayan kusan shekara 500. Kowanne kamar tan 25, daga West Woods, tazarar kilomita 25. Ƙananan kuwa, masu tan 2 zuwa 5, daga tsaunukan Preseli na Wales suka fito, fiye da kilomita 200, kuma an sha tuge su ana sauya musu wuri. A 2024 bincike ya nuna dutsen da ke kwance a tsakiya, mai tan 6, daga arewa maso gabashin Sikotilan yake, fiye da kilomita 700. Jikokin jikoki ba dole ne su riƙe dalilin kakanninsu ba. Wanda ya ba ka amsa ɗaya tal a kan wuri irin wannan, tambaye shi wane ƙarni yake nufi.

Akwai abubuwan da ido zai iya tabbatarwa. A saman dutse mafi tsayi akwai ƙullutu da aka sassaƙa, a jikin wanda ya faɗo daga kansa kuma akwai rami daidai da shi, haɗin mace da namiji irin na kafinta. Mutanen da suka saba da itace ne suka kwaikwayi aikinsu a dutse. Ginin kuma yana fuskantar fitowar rana a yini mafi tsawo na shekara, ta ɗaya gefen faɗuwarta a yini mafi gajarta. Wanne ne ya fi muhimmanci a wurinsu? Jama'ar yau a tsakiyar bazarar Turai suke cika wurin. Juji ya ce wani abu dabam. A Durrington Walls, kilomita 3 daga nan, tawagar Mike Parker Pearson ta tono gidajen mutanen zamanin da tulin ƙasusuwan aladu. Haƙoransu sun nuna da yawa an yanka su suna da wata tara, kuma da yake a farkon bazara ake haifarsu, lokacin ya faɗa tsakiyar hunturu. Ga hujjar da za a iya ƙirgawa, ta fi tatsuniyar ƙarni na 12 da ta ce boka Merlin ne ya ɗauko duwatsun daga Ayalan, ta kuma fi ta ƙarni na 18 da ta jingina su ga Druid, limaman gargajiya na mutanen Birtaniya na dā, waɗanda ba a san da su ba sai bayan ginin da kusan shekara 2,000.

Abin da ba a cika gaya wa baƙo ba shi ne nawa ne daga abin da yake kallo aikin jiya. A 1901 aka miƙar da wani dutse da ya karkata. A 1958 aka kawo injin ɗaga kaya aka tayar da waɗanda suka faɗi, aka dasa da dama cikin kankare, aka ƙara wani aikin a 1964. Gyaran ba laifi ba ne, da ba a yi ba da wasu sun kife. Amma mai son auna inda dutse ke kallo yana da haƙƙin sanin wanne ne bai taɓa motsi ba.

Mafi munin abin da amsar gaggawa ke jawowa a Babbar Zimbabwe aka gan shi. An gina birnin tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Katangar babban shingen ta kai mita 250 a zagaye, wani wuri tsayinta mita 11, duk dutse kan dutse babu kwaɓi. Carl Mauch ya iso a 1871 ya ce fadar Sarauniyar Saba ce. Da wannan amsa a ka, Richard Hall, wanda aka ba kula da wurin a 1902, ya sa aka kwashe ƙasar da ta taru cikin shingayen, wani wuri zurfin fiye da mita uku, aka zubar, wai dattin 'yan ƙasa ne da ya rufe aikin baƙi. Garin neman gira aka rasa ido: ƙasar nan ita ce rajistar wurin, hawa kan hawa, na ƙasa ya girmi na sama, kuma in an kwashe ta ba a iya mayarwa. Da ɗan abin da ya rage David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka nuna ginin na 'yan Afirka ne, domin tukwane da daɓen ɗakunan da ke ƙarƙashin katangu irin na mutanen yankin ne, tangaran ɗin Sin da na Farisa da aka samu kuma ya tsayar da zamanin. Duk da haka gwamnatin Turawa ta Rodeshiya, sunan Zimbabwe a lokacin, ta ci gaba da matsa wa masu faɗin gaskiya, har masanin kufai Peter Garlake ya bar ƙasar a 1970. Dubi katangun da kyau: ƙofofinsu ba na tare mahara ba ne, wasu ma daga wani ƙaton dutse suke tashi su ƙare a wani. Hasumiyar da ke ciki curarriya ce, babu ɗaki babu taska, ko da yake an haƙa gindinta. Gini ne na suturta manya da nuna isa, a garin da arzikinsa shanu ne da cinikin zinariya zuwa gaɓar teku.

Masana ma suna zamewa. Gobekli Tepe ta Turkiyya, mai ginshiƙai har mita biyar da rabi da shekaru fiye da 11,000, an daɗe ana tallarta a matsayin wurin ibadar da ba kowa ke zaune a ciki ba. Daga baya haƙa ta kai ga gidaje, da ramukan tara ruwan sama, da duwatsun niƙa birjik, magana ta sauya. Bambancinsu da mai bidiyo shi ne su ƙasa tana iya ƙaryata su, su kuma karɓa.

Abin da nake nema daga masu kula da wurare bai da tsada. Kowane allo ya raba magana uku a fili: ga abin da aka gani, ga abin da aka fahimta daga gare shi da hanyar da aka bi, ga abin da har yanzu hasashe ne. A sa taswirar da ta yi wa duwatsun da aka tayar ko aka sauya launi dabam, da shekarar gyaran. A ja hanyar baƙi ta bi ta wurin fasa dutse kafin ta kai gindin gini. Ɗan jagora kuma a horar da shi ya iya amsa "da me aka sani?", don ita ce tambayar da baƙo ya kamata ya riƙa maimaitawa. Mafi muhimmanci, iyakar da doka ta kare ta wuce jikin ginin. Unguwar ma'aikata ba ta da kyan gani, shi ya sa ita ake fara bari. Wani ɓangare na garin maginan Giza ya daɗe ƙarƙashin filin ƙwallon ƙafa da gidajen zamani, Durrington Walls kuwa titi aka ratsa ta cikinta a shekarun 1960.

Masu sayar da tikiti za su ce ruɗani shi ke jawo jama'a, in an warware komai wa zai zo? Ban ga alamar takardar Merer ta rage wa dala kwarjini ba, mutum ya san sunan wanda ya tuƙo jirgin ya fi a ce masa aljani. Hujjar da ta fi wannan nauyi ita ce ta masu adanawa: gidajen ma'aikata na tubalin laka ne da daɓe, in an bar su a buɗe iska da gishirin ƙasa da ƙafar mutane za su cinye su cikin 'yan shekaru. Shi ya sa bayan an auna an zana ake sake rufe su da yashi mai tsabta. Wannan daidai ne, kuma maganinsa a bar na asali a binne, a gina kwafinsa inda za a iya shiga. An yi haka a cibiyar baƙi ta Stonehenge, inda aka tayar da gidaje biyar bisa awon waɗanda aka tono a Durrington: ɗaki ɗaya kamar mita biyar kowane gefe, bangon tsarkiyar itace da aka yaɓe da alli, murhu a tsakiya, gadajen katako a jikin bango daidai inda aka ga gurbinsu a ƙasa. Suna bayan ginin cibiyar, kusa da inda ake hawa motar da ke kai mutane wurin duwatsun, kuma minti goma sun isa a shiga a fito.